Na haifi ɗa mai tsagaggen leɓe

Ɗana na uku ya zo duniya da tsagewa a leɓensa na sama, ta ɓangaren hagu. Tsagewar ta haura har cikin ƙofar hanci, ta ratsa dasashi, ta bi ganɗa har can baya. Yanzu shekararsa takwas. Yana makaranta, surutunsa ya fi na yayyensa biyu a haɗe, kuma in ba an gaya maka ba, sai ka ƙura masa ido sosai kafin ka ga ɗan siririn tabon da ke ƙasan hancinsa. Na fara da wannan ne don na san akwai wadda za ta karanta labarin nan da jariri a cinya, kuma abin da take son ji ke nan kafin komai.

Cikinsa bai ba ni wahala ba. Na je awo, na sha magungunan da aka ba ni, an yi mini hoton ciki wajen wata na biyar, wanda a cikinsa ake duba gaɓoɓin jariri ɗaya bayan ɗaya. Ba a ga komai ba. Daga baya aka yi mini bayani cewa tsagewar leɓe takan fito a hoton idan jaririn ya juyo da fuskarsa, amma in ya kife ko ya kare da hannu, tana iya ɓuya, tsagewar ganɗa kuwa ko ya juyo da wuya a gan ta. Don haka ban san komai ba sai da ya faɗo.

Ya yi kuka, kuka mai ƙarfi ma. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne shirun da matan ɗakin suka yi. Na haihu sau biyu kafin nan, na san hayaniyar da ake yi idan an sauka lafiya. Ungozomar, wata dattijuwa, ta goge shi, ta naɗe shi, ta zo ta tsaya dab da kaina ta ce, "Maman yaro, Allah ya ba ki namiji, numfashinsa lafiya, zuciyarsa na bugawa lafiya. Akwai abin da zan nuna miki a bakinsa, kuma abu ne da ake gyarawa." Sannan ta buɗe zanen. Har yau ina yi wa matar nan addu'a saboda yadda ta jera maganarta. Ta gaya mini ana gyarawa kafin idona ya gani.

Ba zan ce ban yi kuka ba. Na yi, har na gode Allah.

Amma damuwar fuska ba ta daɗe tana kan gaba ba, domin yunwa ta ture ta. Na sa shi a nono, ya kama, ya yi ta motsa baki, ba abin da ke shiga. Ɗan abin da ya samu kuma sai ya dawo ta hanci. Jariri yana tsotso ne ta hanyar rufe bakinsa ruf ya ja, ganɗa kuwa ita ce rufin da ya raba baki da hanci. Idan rufin a buɗe yake, iska ce ke shigowa ta sama, jan ba ya yin ƙarfi, kamar mai zuƙar ruwa da bututun da ya huje a tsakiya. Yaro sai ya yi ta fama har ya gaji ya yi barci, ke kina zaton ya ƙoshi, alhali ƙarfin da ya kashe ya fi abin da ya sha. A makonnin farko nauyinsa ya yi ƙasa fiye da yadda aka saba gani ga jarirai, fatar cinyarsa ta fara tattarewa.

Wata nas a sashen jarirai ce ta zaunar da ni ta koya mini aikin daga tushe. In tatse nonona a kofi mai tsabta. In zuba a wata kwalba mai taushi wadda ake matsawa da hannu, mai dogon kan roba. In zaunar da shi kusan a miƙe a cinyata, kada in kwantar da shi. In karkata kan robar zuwa ɓangaren da ganɗar take a rufe. In matsa kwalbar a hankali daidai lokacin da yake motsa baki, in saki idan ya tsaya. In riƙa ɗaga shi a kafaɗa yana gyatsa a kai a kai, saboda yana haɗiyar iska da yawa. Ta ce kada shayarwa ɗaya ta wuce rabin awa, gara kaɗan-kaɗan sau da yawa. Nono ya fito ta hanci, ta ce, kada ki firgita, goge masa ki ci gaba. Ranar farko hannuna rawa yake yi, na matsa da ƙarfi ya ƙware, na ajiye kwalbar na ce ba zan iya ba. Ta ɗauka ta mayar mini a hannu ta ce, "Yaya, in ba ki iya ba wa zai iya? Sake." Ta girme ni a aiki, na girme ta a shekaru, amma ranar ita ce uwa.

Tatsar nono dare da rana na watanni aiki ne da ba wanda ke gani balle ya yaba. Kina gama tatsa kina shayarwa, kina gama shayarwa kina wanke kwalba, kina gama wankewa lokacin tatsa ya zagayo. Maigidana ya karɓi na tsakar dare, shi ke riƙe kwalbar ni ina tatsar na gaba. Sannu a hankali allurar sikeli ta fara hawa.

Sai kuma bakin mutane. Masu zuwa dubiya kashi biyu ne. Akwai waɗanda za su leƙa su ce Allah ya raya, su yi shiru, waɗannan na gode musu. Akwai kuma masu bincike. Me kika ci da cikin nan? Me kika kalla? Ko kin taɓa yi wa wani mai lalura dariya? Ko kin fita da dare? Kowace tambaya, in ka bi ta, a kaina take ƙarewa. Wata gwaggon maigidana ta dube shi ta dube ni ta ce, "Mu dai a danginmu ba a taɓa yin irin wannan ba." Maigidana, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya ce, "To Gwaggo, yau an yi, kuma nawa ne." Ba ta sake ba.

Duk da haka tambayar ta riga ta shige ni. Ina kwance ina lissafin abin da na yi tun daga ranar da na ɗauki ciki. Da muka je ganin likitan tiyata karo na farko, kafin ya gama duba yaron na ce, "Likita, don Allah ka gaya mini gaskiya, mene ne na yi?" Ya ajiye ɗan fitilar da ke hannunsa ya ce, "Hajiya, yaushe kika tabbatar kina da ciki?" Na ce wajen wata biyu. Ya ce, "To kafin ki sani an riga an gama maganar leɓe." Ya zana mini a takarda. Fuskar ɗan tayi ba a dunƙule take farawa ba, ɓangarori ne ke tahowa daga gefe da sama su haɗu a tsakiya. Leɓe yana haɗewa tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, ganɗa kuma tsakanin mako na 6 da na 9. Idan wani wuri bai kai ga haɗewa ba, shi ne tsagewar. Ba yankewa ya yi ba, ba kuma wani abu ne ya ci shi ba, naman duk yana nan, haɗuwa ce bai yi ba. Ya ce kusan jariri 1 cikin 700 ke zuwa da wannan a duniya, ya fi yawa ga maza, kuma ya fi zuwa ta hagu, kamar dai na ɗana.

Ya lissafa mini abubuwan da aka san suna ƙara haɗarin: shan taba da ciki, ciwon suga da ba a daidaita shi ba kafin ɗaukar ciki, wasu magungunan farfaɗiya, da gado a wasu iyalai. Babu ko ɗaya a tare da ni. Ya ce haka abin yake ga mafi yawan matan da ke zama a kujerar da nake kai, kuma a dukkan lalurorin da ake haihuwar yara da su, kusan rabi ba a iya ɗora su a kan wani dalili guda. Na fita daga ofishin nan da sauƙi a ƙirjina wanda ban ji irinsa ba tun ranar haihuwa. Ni a ganina wannan bayanin magani ne, kuma ya kamata a riƙa ba kowace uwa shi a ranar farko tun kafin 'yan dubiya su riga likita.

Ya kuma tura mu a duba zuciyar yaron da kunnuwansa, domin tsagewar ganɗa wani lokaci tana tafiya da wasu lalurorin. A hoton zuciya aka ga ɗan ƙaramin rami a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasa. Na ji kamar an sake jefa ni rijiya. Likitar zuciyar ta ce in kwantar da hankalina: lalurar zuciya ita ce ta fi kowace yawa a cikin waɗanda ake haihuwa da su, kusan jariri 1 cikin 100, kuma ƙananan ramuka irin nasa da yawa suna rufewa da kansu yayin da tsokar zuciya ke girma. Ta gaya mini alamun da in na gani in taho ko da tsakar dare ne: leɓe ko harshe ya yi shuɗi, numfashi da sauri-sauri, gumi ya keto masa yana shan nono, ko nauyi ya tsaya. Ban ga ko ɗaya ba. Kafin ya cika shekara biyu aka sake hoto, ramin ya rufe.

Layin asibitin yara makaranta ce. Kafin in haifi yaron nan, da an tambaye ni lalurorin haihuwa, da ban wuce biyu ba. A benci ɗaya na zauna da wata mai jaririya ƙafafunta biyu a cikin filasta tun daga yatsu har cinya. An haife ta ƙafafun a karkace, tafin yana kallon ciki. Kowane mako ana cire filastar, a ɗan miƙe ƙafar da hannu, a sake naɗa sabuwa, kamar sau biyar zuwa takwas, sannan a yi ɗan yanka a jijiyar dunduniya, sai takalmi mai sanda a tsakani wanda za ta riƙa kwana da shi har wajen shekara huɗu. Wani likita ɗan asalin Sifen, Ignacio Ponseti, shi ya ƙirƙiro hanyar a Jami'ar Iowa ta Amurka, kuma tana gyara fiye da 90 cikin 100 ba tare da babbar tiyata ba. Uwar ta ce mini wahalar ba a filasta take ba, a takalmin take, domin da ƙafa ta miƙe sai iyaye su ga ai an gama su jefar da shi, ƙafar kuma ta koma gidan jiya.

Akwai wata kuma da ba na mantawa da ita, yarinya ƙarama, haihuwarta ta fari. Ɗanta ya zo da ƙullutu a gadon baya, ƙashin baya bai rufe ba, lakar ta leƙo waje. An yi masa aiki a kwanakin farko, daga baya ruwa ya taru masa a ka har aka sa masa siririn bututu a ƙarƙashin fata mai kai ruwan zuwa ciki. Ita ce ta fara gaya mini cewa bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma lura da ɓatan wata ba. Shi ya sa folik asid ɗin da ake ba mu a wurin awo, in don wannan lalurar ce, ya makara. Ana son mace ta fara shan maikurogiram 400 kullum tun kafin ta ɗauki ciki. Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya a 1991 ya nuna cewa ga matan da suka taɓa haihuwar yaro mai wannan lalura, folik asid mai yawa ya rage sake faruwarta da kusan kashi 70 cikin 100, kuma daga 1998 Amurka ta wajabta zuba shi a garin da ake sayarwa. Ta faɗi wannan ba tare da ɗaci ba, tana gyara wa ɗanta hula. Ni ce na ji ɗacin a madadinta, ƙwaya ƙarama haka, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A layin nan ba mai tambayar wata me ta ci. Tambayarmu ita ce nawa ya hau a sikeli, yaushe aka ba ku rana.

Na ga masu lalurar Down, waɗanda ke zuwa da ƙarin kuromosom na 21, wato ƙari a ƙwayoyin halittar da ke ɗauke da gado, kusan rabinsu kuma da matsalar zuciya a haɗe, shi ya sa muke yawan haɗuwa da iyayensu a ƙofar likitar zuciya. Na ga jaririn da aka haifa ba ƙofar bayan gida, wanda ungozoma ta gano don kawai ta duba. Na kuma ga waɗanda aka kawo a makare, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai: yaro ɗan shekara shida da tsagaggiyar ganɗa, ba ya zuwa makaranta, ba a fahimtar maganarsa, an ɓoye shi a ɗaki tun yana jariri saboda kunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 240,000 ke mutuwa kowace shekara cikin kwana 28 na farko saboda lalurorin haihuwa, wasu 170,000 kuma tsakanin wata ɗaya da shekara biyar, kuma tara cikin goma na masu tsananin lalurar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ake haifarsu. Idan na karanta irin wannan lissafi, cinyar ɗana da ta fara tattarewa nake tunawa. Tsagewar ganɗa ba ta kisa da kanta, yunwar da ke biyo bayanta ce ke yi, in ba a sami mai koya wa uwa riƙon kwalba ba.

Likitan tiyata ya ba mu sharaɗi uku kafin a taɓa leɓen: yaro ya wuce mako 10, nauyinsa ya kusa kilo 5, jininsa ya kai 10 a gwaji. Muka cika su yana ɗan wata huɗu da 'yan kwanaki. Miƙa jariri ga mai sa barci a ƙofar ɗakin tiyata, a hana shi nono tun da asuba yana kuka yana kallonki, wannan ba na yi wa ko maƙiyi fatansa.

Ga wani abu da ban taɓa zato ba. Da aka fito da shi, leɓe a haɗe, hanci ya daidaita, ɗinki siriri kamar gashi, kowa na hamdala, ni sai na ji baƙo aka miƙo mini. Watanni ina kallon waccan fuskar, na saba da ita, ina sonta. Murmushinsa na da faɗi gare shi, duk fuskar ke buɗewa. Wannan sabon bakin ƙarami ne, a kumbure, ban san shi ba. Na ɓoye abin a raina don kada a ce na yi butulci, sai da nas ɗin nan ta dube ni ta ce, "Kina kewar tsohon, ko?" Ta ce iyaye mata da yawa haka suke ji, yana wucewa. Ya wuce kuwa, ranar da kumburin ya sauka ya yi mini dariya. Hotunansa na kafin aiki suna nan, ban goge ko ɗaya ba, kuma shi ma ya gan su.

Aikin ganɗa ya zo yana gab da shekara ɗaya. Ana son a rufe ta kafin yaro ya fara magana sosai, domin haruffa irin su b da d da k suna buƙatar a tare iska a baki, in ganɗa a buɗe take sai iskar ta tsere ta hanci. Wannan aikin ya fi na farko wuya. Ba a ganin ciwon, amma yana hana shi haɗiya, aka kuma ɗaure masa wasu 'yan sanduna masu laushi a gwiwar hannu don kada ya kai yatsa baki. Mako biyu zuwa uku muna fama, abu mai ruwa-ruwa kawai, da cokali a gefen baki. A wannan aikin ne aka sa masa 'yan ƙananan bututu a dodon kunne. Tsokar ganɗa ita ke buɗe hanyar da ke tsakanin kunne da maƙogwaro, in ba ta aiki daidai sai ruwa ya kwanta a bayan dodon kunne, yaro ya riƙa ji dishi-dishi. Yawancin masu tsagewar ganɗa suna fama da wannan, kuma in ba a kula ba sai a ce yaro ba ya jin magana ko ba shi da kai, alhali kunnen ne a toshe.

Maganarsa ta zo a makare, da ɗan sautin hanci. Muka yi ta zuwa wurin mai koyar da furuci, ta ba mu wasanni mu yi a gida, shi da yayyensa, har abin ya zama gasa tsakaninsu. Ranar da ya ce "Baba" da b ɗinta cikakkiya, ba "Mama" ta hanci ba, maigidana ya sa shi ya maimaita har yaron ya gaji ya gudu.

Da ƙanwata ta zo yin aure, ban saya mata komai ba kafin in kai ta asibiti. Aka duba sugan jininta, aka yi musu gwajin sikila ita da mijin, aka tabbatar ta yi rigakafin rubela, wadda in ta kama mai ƙaramin ciki tana iya taɓa ido da kunne da zuciyar jariri, aka kuma ɗora ta a kan folik asid tun kafin biki. Ta ce, "Yaya, kin mayar da ni majinyaciya." Na ce ta sha kawai. Na kuma gaya mata abin da likita ya gaya mini, cewa duk wannan rage haɗari yake yi, ba ya kawar da shi, kuma in Allah ya kawo mata yaro da wata lalura bayan duk wannan, kada ta bari kowa ya zaunar da ita yana mata tambayoyi.

Ɗana ya shiga makaranta da tabonsa. A shekarar farko wani yaro ya tambaye shi wa ya yanke shi a baki. Mun riga mun shirya amsar a gida, ya ce masa, "Haka aka haife ni, likita ya ɗinke." Yaron ya ce to, suka ci gaba da wasa. Wasu ba su tsaya a to ba, an yi kuka, na je na ga malamarsu, abin ya lafa.

Tafiyar ba ta ƙare ba. Akwai giɓi a ƙashin dasashinsa inda tsagewar ta ratsa, haƙorin wurin ya fito a karkace, wani kuma bai fito ba sam. Za a ɗebi ɗan ɓargon ƙashi daga ƙugunsa a cike giɓin, don fiƙar da ke tafe ta sami inda za ta tsaya. Ana yin wannan yawanci tsakanin shekara 8 da 11, kuma hoton haƙori ne ke nuna lokacin. An yi masa hoton a watan jiya, likitan haƙori ya ce saiwar ta kusa kai inda ake so, mu dawo a ba mu rana. Bayan nan akwai wayar gyaran haƙori, wataƙila kuma a taɓa hancin idan ya gama girma, wannan kuwa shi zai zaɓa da kansa. Da likitan ya gama bayani ya tambaye shi ko yana da tambaya, ya ce eh, mako nawa zai yi bai buga ƙwallo ba. Aka ce masa kamar shida. Tun daga mota har gida yana neman a rage masa zuwa huɗu.